Ƙasa Mai Nisa da Haƙƙin Wanda Aka Je Kallo

Wata ranar Asabar cikin hunturun bara, mun sauka daga tasi a shataletalen Taminus da niyyar sayen dankalin Turawa da ɗan kabeji mu koma gida, sai muka ji an ƙwala mana kira daga wata rumfar gyaran waya. Ashe wani tsohon ɗalibinmu ne, wanda ya gama digiri ya nemi aikin ofis har takalminsa ya suɗe, daga baya ya haƙura ya kama sana'a, ga alama kuwa Allah ya sa mata albarka. Bayan mun gaisa ya share mana benci, ya aika a kawo shayi, sa'an nan ya miƙo mana wayarsa yana murmushi. Hoto ne mai motsi na waɗansu mutane a wani fili, sun shafe fuskokinsu da jar ƙasa da rawaya, kawunansu sun sha ado da gashin tsuntsaye masu launi iri-iri, suna rawa a jere suna kaɗa 'yan dogayen ganguna.

"Allah gafarta Malam, dubi ikon Allah," in ji shi. "Wai Papuwa Niyu Gini ke nan, can gaba da Indunusiya. An ce harsunan ƙasar sun fi 800. Ga daji, ga tsaunuka, ga tsuntsayen da babu irinsu ko'ina. Ni dai in Allah ya hore mini, sai na je na ga mutanen nan da idona."

Maganar ta burge mu, domin a zamanin da burin yawancin samari bai wuce Dubai da kantunanta ba, samun wanda ke son ya ƙetare teku don ya ga yadda Allah ya sarrafa bayinsa abin a yaba ne. To amma a daidai bakin rumfar tasa akwai wata dattijuwa 'yar Berom mai kasa dankali, wadda a wurinta ma muka yi niyyar saye. Ya gaya mana shekararsu uku suna maƙwabtaka: in zai tafi masallaci ita ke duba masa rumfa, in wayarta ta mutu shi ke sa mata caji kyauta. Sai muka tambaye shi, ko ya san yadda ake cewa "sannu" da harshenta? Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce, "Ai Mama tana jin Hausa, Malam." Muka yi dariya tare, amma tamu ta yaƙe ce, domin da ya juyo mana da tambayar, mu da aka yanke wa cibiya a garin nan fiye da shekara 40 da suka wuce, da ba mu da amsar da ta fi tasa.

Tun daga ranar wata tambaya ta hana mu sakat. Mutumin da ya tashi takanas ya nufi ƙasa mai nisa don ya kalli mutanenta da dazuzzukanta, wane haƙƙi ne ke hawa kansa game da waɗanda ya je kallo? Ko kuwa kallo kyauta ne kamar iska, wanda ya biya kuɗin jirgi da na masauki ya gama sauke nauyi? Babu wurin da ya fi dacewa a yi wannan tambaya kamar inda muke zaune a ranar.

Sunan wurin ma kansa abin lura ne. Taminus kalmar Turanci ce da bakinmu ya lanƙwasa, ma'anarta inda layin dogo ya tuƙe, wato ƙarshen hanya. A 1914 ne ƙaramin layin nan da ya taso daga Zariya ya hauro tudu ya iso Jos da Bukur, babban dalilin shimfiɗa shi kuwa kwasar kuza ne, ya kuma yi aiki har 1957. A 1927 babban layi ya iso ta Kafanchan. Ga Baturen da ya baro garinsu, ya yi makonni a teku, ya sauka Ikko, ya kwana ya wuni cikin jirgin ƙasa, nan ne duniya ta ƙare. Ya tarar da ƙasa mai tudun kusan mita 1,200 daga teku, mai sanyi kusan irin na gida, da duwatsu da aka ɗora wani kan wani sai ka ce da gangan, da al'ummu masu harsuna fiye da 40. Wato duk abin da ɗalibinmu ke mafarkin gani a Papuwa, shi wancan Bature ya zo ya gani a nan. Mu ne ƙasa mai nisan. Amma ga Anaguta da Afizere da Berom da ya tarar, nan ne tsakiyar duniya, Ingila ce ke can bayan gari. Nisa awo ne da matafiyi ke yi daga ƙofar gidansu, sa'an nan ya manta cewa shi ke riƙe da bakin igiyar, har ya riƙa faɗin sa kamar wata sifa ce ta ƙasar, irin zafinta ko daminarta.

Labarin ƙasashen biyu ya yi kama ƙwarai. Tsaunukan tsakiyar Papuwa ma ma'adini ne ya kai baƙi cikinsu: a 1933 waɗansu 'yan'uwa 'yan Ostareliya, 'yan gidan Leahy, suka kutsa kwarin Wahgi suna neman zinariya, ɗauke da bindiga da na'urar ɗaukar hoto. Irin bikin rawar da ɗalibinmu ya nuna mana, mafi shahararsa shi ne na garin Goroka da ake yi duk watan Satumba, kuma jami'an mulkin Ostareliya ne suka ƙirƙiro shi cikin shekarun 1950 don su tara ƙabilu wuri ɗaya. Mutanen sun mai da shi nasu, suna alfahari da shi, kamar yadda Berom ke yi da Nzem Berom, Ngas kuma da Pusdung. Amma tsarin yana nan yadda aka kafa shi: masu rawa a fili, masu kallo a bayan igiya. Kada kuma Bahaushe ya ɗauka shi bai taɓa shiga filin ba. A 1924 da 1925, a babban baje-kolin daular Ingila da aka yi a Wembley, an gina ganuwa irin ta biranen Arewa, aka zuba masu sana'ar hannu daga Afirka ta Yamma a ciki, masaƙa da dukawa da sauransu, suna aiki suna kwana a nan, Turawa na biyan kuɗi suna wucewa suna leƙen su.

Duk wanda ya saba karanta tallan kamfanonin yawon buɗe ido zai lura da wata jimla da ba ta canzawa, ko Madagaska ake tallatawa ko Papuwa ko Filato: wai ƙasa ce mai arzikin al'adu da halittu. A numfashi ɗaya ake faɗin su, mutane da namun daji, rawa da matsirgar ruwa, sai ka ce kayan miya ne aka kasa a faifai ɗaya. A nan gizo ke saƙar. Matsirgar Assop ba ta san ana kallon ta ba, dutsen Riyom bai damu da wanda ya tsaya gabansa ya ɗauki hoto ba. Mutum kuwa yana da ido. Yana ganin mai kallon sa, yana kuma karanta abin da ke fuskarsa, ko sha'awa ce ko tausayi ko raini. Da zarar an jera shi tare da tsuntsu da fure, an ƙwace masa abin da ya bambanta shi da su, wato ikon mai da kallo da ikon yin tambaya.

Ko ita ƙasar ma, idon mai wucewa yakan yi mata ƙarya. Baƙo kan tsaya a bakin tafkin Rayfield da yamma ya ce bai taɓa ganin wuri mai kwantar da hankali irinsa ba. Tafkin ramin kuza ne da ruwa ya cika, ire-irensa kuma suna nan barjat daga Bukur zuwa Barikin Ladi, gonakin mutane ne aka ƙwaƙule aka bar su a buɗe, sukan kuma ci yara da dabbobi. Tsakanin 1942 da 1944, bayan Japan ta kame Malaya inda Ingila ke samun kuza, an shiga ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas a ramukan nan, abin da tsofaffinmu ke kira ɗiban gwamna. Sun zo da 'yar riga ɗaya cikin sanyin da ba su san irinsa ba, da yawa kuma ba su koma gida ba. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da ke fitowa a hoto. Da masu iya magana suka ce baƙo ko yana da ido makaho ne, ba zagin sa suka yi ba, gargaɗi ne suka yi masa ya nemi ɗan jagora.

Mai karatu na iya cewa mun matsa wa matafiyi lamba, yana da hujja kuwa. Kuɗin mai kallo abinci ne a gidan mai rawa da mai sassaƙa da direba, kuma wanda cikinsa ke cike ba shi da bakin hana su. Jihar nan da kanta ta yi wa kanta kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, wato ita ta aika da goron gayyata. Bugu da ƙari, akwai abin da ɗan gida ba ya gani sai baƙo ya zo. Kan mutum-mutumin yumɓun nan da aka samu a ƙasar Jama'a a farkon shekarun 1940, wani ma'aikacin kuza ne ya kafa shi a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye, har ya kai ga hannun Bernard Fagg, wanda ya gane danginsa ne da wanda aka tono kusa da Nok a 1928. Daga nan duniya ta san cewa fiye da shekara 2,000 da suka wuce akwai gwanayen ginin yumɓu a wannan yanki, daga nan kuma aka kai ga buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Da ba don idon baƙo ba, da wataƙila fartanya ta farfasa kan a kunya. Sai dai idon da ya fito da darajar Nok shi ne ya jawo mata ɓarayi. Cikin shekarun 1990 aka yi ta tonon asiri ana fitar da kayan waje, har a shekarar 2000 aka ga waɗansunsu an baje a gidan tarihi na Louvre a Faris, sai da aka yi ta ja-in-ja kafin Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne. Saboda haka hana kallo ba zai yiwu ba, ba ma alheri ba ne. Abin tambaya shi ne irin zaman da mai kallo ke yi da waɗanda ya je wa.

A nan yana da kyau mu waiwayi kakanninmu, domin matafiya ne na gaske, amma ba su san tafiya don kallo zalla ba. Kalmar yawon buɗe ido ma sabuwar ƙira ce. Abin da suka sani shi ne fatauci da neman ilmi da cin rani da aikin hajji, sai kuma yawon duniya, wanda ba yabo ba ne a jingina wa mutum. Falken da ya bi ayari zuwa Gwanja sayen goro yakan yi watanni a hanya, in ya isa Salaga kuma ba ya sauka inda ya ga dama. Yana da fatoma, mai masaukin da zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Shi kuma falke ya san cewa duk abin da ya aikata a garin, sunan mai masaukinsa ne zai ɓaci. Alhajin ƙafa yakan yi shekaru kafin ya ga Bahar Maliya, yana noma a Wadai, yana ɗinki a Darfur, wani ma ya yi aure ya zauna, shi ya sa ake jin Hausa a garuruwan Sudan da dama. Duk waɗannan matafiya sun shiga hannun mutanen da suka je wa. Sun ci bashin ruwa da wuta da amana, irin bashin da ba a biyan sa da kuɗi a rabu.

Otal ne ya zo ya yanke wannan igiya. Matafiyin yau ya biya tun kafin ya iso, rasiɗinsa na aljihu, babu wanda ya san sunan ubansa, babu wanda zai ji kunya saboda shi. Sauƙi ne babba, mu ma muna jin daɗinsa idan taro ya kai mu wani gari, ba za mu yi munafunci ba. Amma wanda ba a bin sa bashin komai yana iya zagaye ƙasa kaf bai shiga cikinta ba.

A cikin Turawan da suka zo mana, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, shi ya fi kusa da falke. Ya shiga Kano a 1851, ya yi shekaru yana kai da kawowa tsakanin Barno da Sakkwato da Tambutu, ya koyi Hausa da Barbarci bayan Larabcin da ya zo da shi, ya ci bashi a hannun 'yan kasuwa, ya yi jinya a gidajen mutane, a Tambutu kuma Shaihu Ahmad al-Bakka'i ne ya tsaya masa lokacin da ransa ya shiga haɗari. Masana tarihinmu na komawa ga littattafansa ne domin mutanen da ke cikinsu suna da suna, suna da baki. Da zai koma a 1855 ya tafi da yara biyu, Dorugu da Abbega, kuma Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, ya ba da labarin abin da ya gani a Turai da Hausa aka rubuta. Kallo ya koma inda ya fito ke nan. Haka Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Ingila ta zama ita ce ƙasa mai nisa mai baƙin al'adu.

Zuwa nan mai karatu Bahaushe yana iya gyara zama, ya ga kamar laifin duk na Bature ne da kyamararsa. Ina! A kan wannan tudu mu ma mun daɗe muna kallo daga bayan igiya. Tun kafin Turawa, mahaya daga Bauchi da Zazzau sun sha kai hari gindin duwatsun nan neman bayi, zaman kan dutse da waɗansu al'ummu suka zaɓa kuwa ba don shan iska ba ne. Da Bature ya zo, sau da yawa Bahaushe ne tafintansa da masinjansa, sunayen da baƙi ke kiran mutane da su ne kuma suka shiga takardun gwamnati: Afizere suka zama Jarawa, Mwaghavul suka zama Sura, Tarok suka zama Yargam, Goemai suka zama Ankwai, Ham na ƙasar Nok suka zama Jaba. An yi shekaru mutane na fafutukar karɓo sunayen da iyayensu suka raɗa wa kansu. Gaba ɗayansu kuma muka zuba su a buhu ɗaya muka ɗaure da kalmar "arna", in muna son sakayawa mu ce "ƙabilu", sai ka ce mu daga sama muka faɗo. Su kuwa sun koyi harshenmu har sun fi waɗansunmu iya shi. Da shi suke ciniki, da shi suke wa'azi da waƙa a coci, musamman tun da aka fitar da Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da shi ma Ngas ke magana da Tarok. Mukan yi alfahari da wannan a ajin nazarin harshe, mu ce Hausa ta bunƙasa. Ba mu cika tsayawa mu tambayi kanmu ba, wace irin maƙwabtaka ce wadda shekara 100 mutum ɗaya ne kawai ke takawa zuwa ƙofar ɗan'uwansa.

Malamanmu kan ja aya ta 13 a Suratul Hujurati duk lokacin da ake maganar bambancin al'ummu, kuma ɗalibin sarfu ya san cewa kalmar sanayya da ta zo a cikinta an gina ta ne bisa awon da ke nuna aikin da ɓangare biyu ke yi wa juna, kamar gaisawa, wadda mutum ɗaya ba ya yin ta shi kaɗai. In haka ne, wanda ya san wani amma bai bari wanin ya san shi ba, bai kai ga hikimar ba. Haka nan wanda ya zauna aka san shi, aka koyi harshensa da ɗabi'unsa, shi bai ɗaga ƙafa ba. Na farko shi ne ɗan yawon buɗe ido, na biyu kuwa mu ne. A ganinmu haƙƙin da ke kan matafiyi ke nan, ko Papuwa ya je ko bayan gidansu: ya yarda a kalle shi kamar yadda ya kalla, a tambaye shi abin da ba ya son amsawa, a yi masa dariya in ya karya harshe, sa'an nan in ya koma gida ya kira mutane da sunan da suke kiran kansu.

Akwai wani misali a dajin Amurum da ke gabashin Jos, inda aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis, wadda masana ke zuwa daga ƙasashe daban-daban saboda nau'in tsuntsaye wajen 300 da ke wurin. A duwatsun tudun nan akwai wani ɗan tsuntsu baƙi mai ƙyalli wanda ba ya yin gida. Matarsa takan saka ƙwanta a gidan wani ɗan jan tsuntsu mazaunin duwatsu, ɗan ya tashi tare da 'ya'yan masu gida ba tare da ya kashe su ba, ya koyi kukansu, ya kuma riƙa rera shi har ya mutu. Masana sun ji a bakin baƙin tsuntsun wata murya da ba ta dace da ta tsuntsayen da suka sani ba, suka bi diddiginta, har a 1998 aka tabbatar da jan tsuntsun a matsayin nau'i mai zaman kansa. Wato ta bakin baƙo aka gane mai masauki. Mun san akwai wanda zai ɗauki wannan misali ya yi jifa da shi, ya ce ga masu saka ƙwai a gidan wani. Ba can muka nufa ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, ko tsuntsun da ake zargi da cin arziki bai yarda ya bar gidan da ya tashi ba tare da waƙar gidan a bakinsa ba.

Mun sani sarai cewa kalmar baƙo a Jos ba ta wasa ba ce, an zubar da jini a kanta. Mutumin da kakansa ya zo haƙar kuza tun kafin a shimfiɗa titunan garin, aka binne iyayensa a nan, in an kira shi baƙo yana da haƙƙin ya ji zafi. Ba mu kuma ce koyon gaisuwa zai warware rigimar takardar shaidar zama ɗan ƙasa ko ta kujerar ƙaramar hukuma ba, waɗannan aikin doka ne da siyasa. Amma abin da ya biyo bayan rikicin Afrilun 1994 da na Satumbar 2001 da na Nuwambar 2008 da na Janairun 2010 ya shafi batunmu kai tsaye, domin ya haifar da ƙasashe masu nisa a cikin gari ɗaya. Mun koyar da ɗalibai 'yan Unguwar Rogo da suka je Makka da Alƙahira amma ba su taɓa taka Unguwar Rukuba ba. Mun koyar da na Kabong da suka san Legas da Akara, amma in an ce su shiga Gangare sai su ce ba su shirya mutuwa ba. Tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Kowane ɓangare kuma yana da labaran da yake bayarwa game da ɗayan, masu kama da waɗanda fataken da ke kawowa na mutane masu wutsiya a ƙarshen daji.

Taminus na cikin 'yan wuraren da suka rage inda waɗannan ƙasashe ke gogar kafaɗar juna. Wuta ta cinye babbar kasuwarta a watan Fabrairun 2002. Ranar 20 ga Mayun 2014 bama-bamai biyu suka tashi a nan suka kashe fiye da mutum 100, ba su tambayi kowa sunansa ko addininsa ba. Duk da haka mutane suka dawo da tirensu da buhunansu, hukuma ta kore su daga bakin titi, suka sake dawowa, domin ciki ba ya jiran sulhu. Mai acca daga ƙauyukan Berom, mai nama daga Gangare, mai kayan gyaran mota Ibo, mai atamfa Bayarabiya, duk suna nan cikin tafiyar da ba ta fi ta shan shayi ba. Abin da ɗalibinmu zai sayar da rumfarsa ya je nema a Goroka yana wucewa ta gabansa kullum, bambancin kawai shi ne waɗannan ba su sa gashin tsuntsu ba, kuma in ya ƙura musu ido za su tambaye shi, "Lafiya?"

Ba mu hana shi tafiyarsa ba, ba ma so ya fasa. Gani ya kori ji, kuma yaron da ya ga ƙasa mai harshe 800 da wuya ya dawo yana ganin nasa ne kaɗai harshe. Mun dai ce masa ya fara gwada ƙafarsa a kusa kafin ya sayi tikiti. Da muka koma makaranta kuma muka ga bai kamata mu ɗora wa yaro abin da ba mu ɗauka ba, sai muka sami wani abokin aikinmu ɗan Berom muka roƙe shi kalma ɗaya. Ya dube mu ta saman tabaransa kamar bai ji daidai ba, sa'an nan ya ce godiya da harshensu "mafeng" ake cewa. Muka rubuta a bayan takardar jarrabawa.

Asabar ta zagayo muka koma Taminus. Dattijuwar ta auna mana dankali, ta ɗora gyara, muka karɓa, muka gyara murya muka ce, "Mafeng, Mama."

Ta tsaya da leda a hannu. Sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, ta juya ta kira maƙwabciyarta, "Ke, zo ki ji Malam!" Aka ce mu sake faɗa. Muka sake. Ta girgiza kai ta ce ba haka ake ɗaga muryar ba, ta faɗa a hankali, muka bi ta, ta ce saura kaɗan. Kafin mu ankara mata huɗu sun kewaye mu, wani mai turin baro ya tsaya, ɗalibin namu kuwa ya fito daga rumfa ya ɗaga wayarsa yana ɗaukar mu hoto mai motsi, mu da babbar rigarmu da ledar dankali, muna maimaita kalma ɗaya kamar ɗan aji ɗaya. A karo na biyar ta ce ya yi. Sa'an nan ta zubo mana wata doguwar magana da Berom wadda ba mu kama ko kanta ba, matan suka sake kwashewa da dariya.

Muka ce, "Mama, wannan kuma me ake nufi?"

Ta ce, "Wannan sai wani satin, Malam. Kuɗin dankali dai yana nan yadda yake."